Ranar da Sallau Ya Ɗauki Kiyashi Aiki

Dalilin da ya sa kiyashi suke zuwa a guje da zarar yaro ya yar da abu mai zaƙi a ƙasa, kuma duk biyun da suka gamu a hanya sai sun tsaya sun haɗa kai, shi zan gaya muku yanzu, tunda ga su nan sun ja layi a kan alawar da Mudi ya tofar. Ummita, ajiye tsintsiyar tukuna. Ku durƙusa ku duba da kyau. Kun ga wancan mai fita da wancan mai shigowa? Kun ga sun yi karo da goshi, sun rabu, kowa ya ƙara sauri? To magana suka yi. Ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

A da can kiyashi ba haka suke ba. Malalata ne na ƙarshe. A gindin katanga suke zaune, ba sa shiga ɗakin kowa, ba su san zaƙi ba. Abincinsu busasshen ganye ne, sai ƙafar matacciyar fara idan Allah ya kawo. Tafiya kuwa kowa shi kaɗai yake yin abarsa, a hankali, yana hamma. Kiyashi zai tashi da safe zai gaida maƙwabcinsa, bai isa ba sai bayan la'asar. A lokacin mutum yana iya jin maganarsu in ya kwantar da kunnensa a ƙasa, sai dai ba wanda ya damu ya ji, don ba su da wani zance sai na gajiya.

To a wani gari akwai wani magini ana ce masa Sallau. Gwani ne a aikinsa, katangar da ya ɗora sai ta yi damina goma ba ta tsage ba. Aibinsa ɗaya ne, cika baki. Yana da mata sunanta Lantana, da 'ya'ya uku ƙanana. Babbar ita ce Tasalla, shekararta biyar, ba ta ganin abu ta yi shiru. Mai bi mata Ɗanliti, shekara uku, ba ya ganin abu a rufe ya bar shi a rufe. Sai Auta mai rarrafe, wanda duk abin da hannunsa ya kai, bakinsa ma ya kai.

Lantana ba ta zama. Ta yi shara da asuba, ta yi da hantsi, ta yi bayan an ci abincin rana, ta sake yi da yamma. Kullum da tsumma a kafaɗarta, don kafin ta goge kunun da Ɗanliti ya kifar, Auta ya riga ya yi nasa aikin a ɗaya gefen. Sallau kuwa da safe yake fita, in ya dawo sai ya tarar da daɓe fes, yara a wanke. Sai ya ɗauka haka ɗaki yake wuni.

Wata rana ya ji tana cewa bayanta na ciwo, ya ce, "Wai ke me kike yi ne tun safe? Ɗakin nan ai kullum a share yake."

Ta ce, "Shi yake share kansa, Malam."

Bai gane gatse take yi masa ba. Ya ce, "Shara da gugar daɓe har aiki ne? Ni da nake tayar da soro. In ni ne, kafin tukunya ta tafasa na gama na kwanta."

Lantana ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗenta.

Akwai abu guda a gidan da ya fi komai daraja, wata darduma ja mai ratsin shuɗi, da geza a bakinta. Mahaifin Lantana ne ya zo da ita daga fatauci a kan raƙumi. Bayan ya rasu, mahaifiyarta, Inna Tabawa, ta naɗe ta ta miƙa wa Lantana ta ce, "Ita kaɗai ta rage mini a kayan mahaifinki. Ke na ba, ban ba mijinki ba." Don Inna Tabawa tun farko ba ta ga abin yabo a jikin Sallau ba. In za ta ambace shi sai ta ce "mai wasa da lakar nan". Ko sau ɗaya ba ta taɓa juyowa ta yi masa magana shi da kansa ba, in ba amsa gaisuwa ba. Shi kuma kunyarta yake ji har da tsoro.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa Inna tana tafe, bayan shekara huɗu ba ta taka garin ba. Ranar zuwanta Lantana ta tashi tun duku-duku. Ta share ɗaki, ta goge daɓe har yana ɗaukar ido, ta kwance dardumar nan ta shimfiɗa a tsakiya. Ta kawo gorar zuma da ƙwaryar riɗi da ta tanadar wa Inna, ta rataye su a ragaya can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Saura ta je ta tarye ta a mashigin rafi, don tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ga kaya. Tafiyar da nisa, ga rana, ba a jan yara uku a cikinta.

Sallau ya ce, "Bar mini su. Yara uku da ɗaki ɗaya, mene ne a ciki?"

Ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙo. Kada ka bari su shiga ɗakin nan. Da azahar za mu iso."

Ya ce, "Je ki abinki."

Ta tafi tana waiwaye. Sallau ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya zaunar da yaran a gabansa, ya ce wa kansa wannan ai hutu ne aka ba shi. Iska ta kaɗa. Ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Ya ce bari ya ɗan rufe ido ɗaya.

Shiru ne ya tashe shi. Ku ma kun sani, in gida ya yi tsit kuna ciki, to wani abu kuke aikatawa. Ya duba tabarma ba kowa. Ya duba ɗaki, ga labule a ɗage.

Abin da ya faru shi ne, Ɗanliti ya mirgina turmi har cikin ɗaki, ya kifa shi, ya hau, ya kamo igiyar ragaya ya yi lilo. Gora ta faɗo ta fashe a tsakiyar darduma. Ƙwaryar riɗi ta biyo bayanta. Auta ya ga abu na malala, ya rarrafa ya ratsa ta cikinsa, ya juyo ya sake ratsawa, sannan ya zagaye ɗakin sau uku a kan daɓen da uwarsa ta goge. Ko da Sallau ya leƙa, yaron ya zama kantun riɗi mai rarrafe, idanunsa kaɗai ake gani. Ɗanliti na zaune yana lasar gwiwar hannunsa. Tasalla na tsaye a gefe, hannuwanta a baya.

Ta ce, "Baba, na gaya musu kada su yi. Ni ɗanɗanawa kawai na yi in ji ko ta lalace."

Sallau ya yi salati. Ya leƙa waje ya dubi inuwar katanga, ya ga ta fara tsukewa. Ya ce, "Ba komai. Kafin tukunya ta tafasa."

To shi magini ne, abin da ya sani shi ne in abu ya yi ruwa a ƙara masa ƙasa. Ya ruga ya ciko kwando da yashi ya juye a kan darduma. Yashi ya kama zuma ya daskare. Ya ce to in abu ya yi tauri a ƙara masa ruwa. Ya kinkimo tulu ya tuttule. Kafin ya ankara ƙafafunsa sun shiga ciki suna tattakawa da kansu, don sun saba.

Tasalla ta ce, "Baba, wani ɗakin za ka gina a cikin wannan?"

Ya yi tsalle ya fito. Ya samo sakaina ya yi ta kwalfar laka yana zubarwa waje. Ya ɗauko tsintsiya ya ja sau biyu, ta haɗe wuri guda ta zama kulki. Ya jefar. Laka ta ragu, amma zuma da riɗi da yashi sun shige can cikin saƙar darduma, inda yatsa ba ya kaiwa.

Sai dabara ta faɗo masa. Abu mai zaƙi ai lasa ake yi. Ya je ya kwanto akuya ya jawo ta ɗaki. Akuya ta lasa sau ɗaya, ta lasa sau biyu, ta ga ba irin cimarta ba ce, ta taka zuwa kusurwa ta kama gezar darduma ta hau tauna. Sallau ya yi ihu ya kama ƙafarta ta baya ya ja. Akuya ta firgita, ta saki abin da akuya take saki in ta firgita, tun daga tsakiyar ɗaki har bakin ƙofa.

Ɗanliti ya ce, "Baba, ta zubar da gyaɗa!"

Auta ya nufi wurin da saurinsa. Da ƙyar Sallau ya cafke shi yana dab da kaiwa baki. Ya rasa inda zai ajiye shi, ya ɗauki zanen Lantana ya goya shi. Bai ma sha wahalar ɗauri ba, yaron ya manne masa a baya da kansa.

Ya ce to riɗi dai na kaji ne. Ya kora kaji biyar ciki. Suka yi tsattsaga kaɗan, ƙafafunsu suka liƙe, suka tsorata, suka tashi sama suna kururuwa suna dukan bango. Da ya samu ya fitar da su, sai ga darduma ta tsiro gashin kaza.

Sallau ya fito bakin ƙofa. Ya dubi inuwa, ya ga saura kaɗan ta shige ƙarƙashin katanga. Ya tuna fuskar Inna Tabawa, ya tuna marigayi da raƙuminsa, ya tuna maganar tukunya. Ya kwanta rub da ciki a ƙasa, da goyo a bayansa, ya ce, "Na shiga uku. Yau aurena ya zo ƙarshe."

Kunnensa na ƙasa sai ya ji wata 'yar siririyar murya. "Bawan Allah. Bawan Allah, mene ne wannan abin?"

Ya buɗe ido. Ga wata tsohuwar kiyashi a dokin ƙofa, tsaye a bakin ɗigon zuma da ya faɗo daga gwiwar Auta. Ita ce Magajiyar kiyashi, shugabarsu. Tun safe ta fito shan iska, yanzu ta yi taku ashirin.

Sallau ya ce, "Zuma ce."

Ta ce, "Tun da nake ban taɓa sa abu a baki ya sa ni kuka ba sai yau. Akwai saura?"

Ya yi dariyar baƙin ciki. "Akwai ɗaki guda."

Sai ya ɗago kai. Ya dubi ƙanƙantarta, ya tuna saƙar darduma. Ya ce, "Iya, ku nawa ne?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba, ƙirga ai aiki ne. Amma muna da yawa."

"In kun kwashe mini duk abin da ke cikin ɗakin nan, zuma da riɗi da yashi da gashin kaza da abin da akuya ta bari, to zumar taku ce duka."

Magajiya malalaciya ce, amma ba wawiya ba ce. Ta ce, "Yau mun sha, gobe fa? Wanda ya ɗanɗani wannan ba zai koma cin ƙafar fara ba. Ka lalata mana baki ka bar mu?"

Sallau ya dubi inuwa. Ya ce, "To duk abin da ya faɗo daga hannun yaro ya taɓa ƙasa, naku ne."

"A gidanka kaɗai?"

"A kowane gida! Har abada!"

Kun ji mutum, ya yi kyauta da gidajen da ba nasa ba. Ya ce, "Amma da sharaɗi. Ku gama kafin ta dawo."

"Wa?"

"Matar gidan."

"In ta dawo ba mu gama ba fa?"

Sallau ya san in bai tsorata su ba, sai bayan Sallah za su gama. Ya rage murya ya ce, "Iya, ba ki san ta ba. Ni da kike gani, ƙato, mai ɗaga katanga, ga ni kwance a ƙasa tun ba ta iso ba. Ku kuma yaya kike gani?"

Magajiya ta ce, "To yaya za mu gane ta? Mu ba ma ganin mutum sama da idon sawu."

Ya ce, "Ni zan gaya muku da bakina. Kada ku saurari kowa. In ba ku ji daga gare ni ba, ba ta dawo ba."

Magajiya ta juya, kuma a ranar ne aka fara ganin kiyashi yana gudu. Ba a jima ba gindin katanga ya yi ja. Suka danno cikin ɗaki kowa ta inda ya ga dama, suna karo, suna hawan juna. Wani ya ɗauki ƙwayar riɗi ya yi ta zagaye ya rasa ƙofa. Wasu goma suka kama gashin kaza ɗaya, biyar na ja gabas biyar na ja yamma.

Nan fa aka zo wurin da Sallau ya iya. Shekara ashirin yana tsara masu miƙa tubali. Ya tafa hannu ya ce, "Kai, kai, kai! Ba haka ake aiki ba! Ku ja layi. Masu shiga ta nan, masu fita ta nan. Kowa ya bi bayan na gabansa. Wanda ya ɗauka kada ya tsaya, wanda ya ajiye ya juyo!"

Suka ja layi, aiki ya miƙe. Yashi ƙwaya ƙwaya, riɗi ƙwaya ƙwaya. Zumar da ta shige saƙa suka bi ta zare zare suna tsotsewa. Abin akuya kuwa sai da arba'in arba'in suka taru a kan kowane ɗaya suna mirginawa. Tsoro bai bar su ba. Duk wanda ya fito daga ciki da kaya, in ya gamu da mai shigowa daga waje, sai ya kai bakinsa kunnensa ya ce, "Ta dawo?" Wancan ya ce, "Ba ta dawo ba, yi sauri!" Sai kowa ya ƙara wuta.

Sallau ma bai zauna ba. Ya ɓamɓare Auta daga bayansa, ya tsoma yaran su uku a kwatarniya ya cuɗe. Ya fitar da turmi, ya kwashe fasasshiyar gora. Ya samo tsumman Lantana ya durƙusa ya bi sawun rarrafen nan yana gogewa, ya matse, ya goge, ya matse. Yana kaiwa bakin ƙofa ya waiwaya, sai ga sawun Ɗanliti da ya fito daga wanka ya taka ƙasa ya shigo duba kiyashi. Ya koma ya sake. Da ya tashi miƙewa, bayansa ya ƙi. Sai da ya dafa bango. Kusurwar da akuya ta taune kuwa, ya juya ta wajen bango ya ɗora matashi a kai.

Ana kiran azahar aka yi sallama a zaure. Tasalla ta ƙwalla, "Ga Kaka! Ga Kaka!"

Sallau ya leƙa ɗaki, ya ga layi ya sirance, saura 'yan kaɗan da suka nutse a tsakiyar darduma suna ƙarasa zumar ƙarshe. Ya zube a bakin ƙofa, ya kai bakinsa ƙasa zai ce musu ta dawo, ku fita. Bai buɗe baki ba sai ga ƙafafun Inna Tabawa a gabansa.

Inna ta dubi surukinta a gurfane, goshi a ƙasa. Ta juya wajen Lantana ta ce, "Ikon Allah. Mijin naki ya koyi ladabi."

To yanzu ya ce da ƙasa yake magana? Ya haɗiye maganar kiyashi ya ce, "Sannunku da zuwa, Inna. Kun sha hanya."

Lantana ta shiga ɗaki ta tsaya. Daɓe na ƙyalli. Darduma ta fi yadda ta bar ta haske, don kiyashi har ƙurar shekara ashirin sun kwashe. Ta shaƙi iska, ta ji ƙamshin zuma da wani abu kamar akuya. Ta ɗaga kai ta ga ragaya wayam. Ta dubi mijinta. Ta dubi uwarta, ta ajiye maganar sai an jima.

Inna ta sunkuya ta shafa darduma, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Kamar ranar da marigayi ya sauke ta daga raƙumi." Ta taka har tsakiya, ta tattara zanenta ta zauna daram.

Kiyashin da ke ciki suka ga duhu ya rufe su, ga nauyi. Suka ce sama ta faɗo. Wanda sama ta faɗo wa kuwa, duk abin da ya samu zai ciza.

Sallau ya tsuguna daga waje, kai a sunkuye, ya fara gaisuwa. "Ina gajiya, Inna?"

"Ba gajiya." Ta ɗan gyara zama.

"Yaya mutanen gida?"

"Lafiya." Ta gyara zuwa ɗaya gefen. Ku sani, babbar mace ba ta susa a gaban surukinta, ko me ke cin ta.

"Yaya gwiwar?"

"Da sau... da sauƙi!"

Sallau ya ga gumi ya keto mata, ya san abin da ke faruwa. Ya so ya yanke gaisuwar ya gudu, amma tsoro ya kwance masa baki, ya kasa tsayawa. Ya tambayi damina. Ya tambayi awaki. Ya tambayi mai unguwarsu da ya rasu shekara biyu da suka wuce. Inna na amsawa tana cije leɓe, kafaɗa na motsi, yatsun ƙafa na murɗewa. Da ya kai ga "Yaya kuma kajin gida?" sai haƙuri ya ƙare. Tsohuwar da aka riƙo wa hannu daga rafi ta yi tsalle ɗaya sai ga ta a tsakar gida, tana karkaɗe zane tana buga ƙafa.

Ɗanliti ya hau tafi. "Kaka tana rawa! Kaka tana rawa!"

Lantana ta duba darduma ta ga jajayen abubuwa na warwatsuwa. Ta zaro sabuwar tsintsiya daga bayan ƙofa, ta yi musu shara ɗaya sai waje.

Tasalla ta riƙe mata zane. "Kada ki share su! 'Yan aikin Baba ne!"

Sallau ya yi wa yarinyar ido, ya yi mata tari. Ina! Tasalla ta gyara tsayuwa ta zayyana komai, tun daga barcin Baba har turmi, da yashi, da tulu, da kaji, da gyaɗar akuya. Ba ta manta komai ba sai ɗanɗanon da ita ta yi. Ta ƙarasa da shiga ɗaki ta ɗaga matashi ta ce, "Ga ma inda akuyar ta ci."

Sallau ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya ce, "Gaskiya ta faɗa. Laifina ne." Ya juya wajen matarsa, murya ƙasa ƙasa. "Lantana, gugar nan sau biyu kawai na yi, bayana ya kusa rabewa. Haka kike yi kullum?"

Ta ce, "Sau huɗu, Malam. Ba akuya, ba kaji."

Inna Tabawa ta koma ɗaki a hankali. Ta ɗaga kusurwar da aka taune ta daɗe tana dubawa. Sai tsohuwa ta saki wannan, ta zagaya ɗaya kusurwar ta ɗago ta ce, "Zo ki gani. Ba ki taɓa lura gezar nan ta fi sauran gajarta ba?"

Lantana ta duba, ta ce, "Na ɗauka haka aka saƙa ta."

"Mahaifinki ne. Ranar da na bar masa ke da yayanki na je suna. Shi ɗan maraƙi ya shigo da shi." Kafaɗunta suka fara rawa, wannan karon ba cizo ba ne. Ta yi dariya har ta zauna a daɓe tana share hawaye.

Sallau ya ji kamar an sauke masa katanga daga ka. Ya ce, "Bari in je in gaya wa bayin Allahn nan an dawo, su huta."

Su kuwa kiyashin da aka share, ba su ga mace ba, ba su ga tsintsiya ba. Sun dai ji an kwashe su an watsar, suka ce guguwa ce. Suka karkaɗe jiki, wannan ya ce wa wancan, "Ta dawo?" Wancan ya ce, "Magini bai faɗa ba." Suka sake jan layi.

Daidai lokacin Auta ya samu alkakin da Kaka ta zo da shi tsaraba. Ya gutsura, ya murƙushe sauran a hannu, ya watsar a bakin ƙofa. Lantana ta juya neman tsumma. Kafin ta samo, layi ya iso. Kowa ya ɗauki ɓarɓashi ɗaya ya juya. Inna ta zuba ido har wurin ya koma fes.

Sallau ya durƙusa zai kai baki ƙasa, sai ya ji an ce, "Kai, Sallau. Tsaya."

Ya daskare. Tun da ya auri Lantana, ranar ce Inna ta fara kiran sunansa.

Ta ce, "Gida mai yara uku, Allah ya kawo maka masu kwashe ɓarna ba sa gajiya, kai da kanka ka koya musu layi, sannan ka je ka sallame su? Tashi daga nan. Kada in ji ka gaya musu komai."

Ya ce, "To, Inna."

Lantana ta ce, "Ni dai ban yi alkawari da kowa ba. Su kwashi abin da za su kwasa a ƙasa. Amma duk wanda ya hau mini darduma, tsintsiya ce."

Sallau bai taɓa saɓa maganar surukarsa ba. Daga ranar bai ƙara tambayar Lantana me take yi tun safe ba, har in ya dawo aiki ya kan karɓi tsumma ya ce ta miƙe bayanta. Amma wancan zancen, ya riƙe shi a ciki. Ya tsufa, ya yi furfura, in ya ga layinsu sai ya tsallake ya kau da kai, har Allah ya karɓi abinsa bai faɗa ba.

Shi ya sa har wa yau, Mudi, ko a wane gida ka yar da abu mai zaƙi, kafin ka ɗaga ido sun iso, don an riga an ba su. Suna tafe a layi yadda magini ya koya musu, in an danne su su yi cizo, in an share su su ce guguwa ce su dawo. Duk biyun da suka gamu kuma sai ɗaya ya raɗa wa ɗaya, "Ta dawo?" Ɗayan ya ce, "Ba ta dawo ba, yi sauri!" Bayin Allah, har yanzu ba a samu wanda ya kwanta ya gaya musu cewa Lantana ta dawo tun azahar, ta ci tuwonta, ta aurar da Tasalla, har ta ga jikoki.